Ba Ni Gari: Tsokaci a Kan Gasar Kacici-kacicin Zamani a Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun sakandare a Maiduguri ya san irin zaman nan da ake jera ɗalibai sahu biyu suna fuskantar juna, malami ya tsaya tsakani da takarda a hannu, wani malamin kuma yana gefe riƙe da agogo da ƙararrawa. Sai a jefa tambaya, a ba da 'yan daƙiƙoƙi. In an amsa daidai a tafa, in an kuskure a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Tambayoyin galibi ba su wuce fannoni huɗu: labarin ƙasa, da al'adu, da abinci, da addini. Daga zauren makaranta wannan gasa ta shiga rediyo da talabijin, yanzu kuma ga ta nan a wayoyin hannu, yara da manya suna tura wa juna ta WhatsApp.

Sunan da Bahaushe ya raɗa wa wannan gasa shi ne kacici-kacici, wato ya ɗauko sunan tsohon wasan dandali ya ɗora wa baƙo. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ko baƙon ya cancanci sunan, sa'an nan ta auna tambayoyin da ake yi a matsayinsu na rubutu, kamar yadda ake auna waƙa ko ƙagaggen labari. Dalili kuwa shi ne, tambayar gasa rubuta ta ake yi, kuma abin da alƙali ya ce shi ne daidai a gaban jama'a, shi yaro yake ɗauka ya tafi da shi gida, wani lokaci ma har ya tsufa da shi.

2.0 Tsohon Wasa da Sabon Wasa

Kacici-kacicin gargajiya wasan dare ne, abokin tafiyar tatsuniya. Akan buɗe shi da "ƙulun ƙulufita," a amsa da "gauta," daga nan sai a shiga ƙulle-ƙullen zance. In aka ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje," mai sauraro ya daɗe da sanin wuta, ya kuma san hayaƙi. In aka ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," kullum safiya yana ganin tsintsiya. Aikin da ke gabansa shi ne ya cire rigar da aka sa wa abin da ya riga ya sani. Saboda haka yaron da bai taɓa shiga aji ba yana iya kayar da ɗan boko, muddin yana da kaifin lura da saurin kwatanta abu da abu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban sha'awa. Idan mai amsa ya gaza, mai tambaya ba ya sallamar sa haka kawai, sai ya ce, "Ba ni gari." In aka ba shi garin da bai yi masa ba, ya ƙi karɓa, sai an canza. In aka ba shi Kano ko Katsina ya karɓa, ya ɗan yi wa garin kirari, ya faɗi abin da zai ci da abin da zai saya a can, sa'an nan ya warware ƙullin. Ashe ke nan tun a dandali yara suna koyon labarin ƙasa: sunayen garuruwa, da darajarsu, da abin da kowane ya shahara da shi. Wanda ya faɗi ma bai tashi hannu rabbana ba.

Haka nan a zauren malamai gwada sani ta hanyar tambaya tsohon abu ne. Imam Bukhari ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wata itaciya da ganyenta ba ya zuba wadda ta yi kama da Musulmi, tunanin mutane ya tafi ga itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa. Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa cike take da irin waɗannan ƙulle-ƙulle, har da na fiƙihu. A duk waɗannan, tambaya ƙofa ce da ake buɗewa a shiga bayani.

Sabon wasa ya zo ne tare da makarantun boko da kafofin watsa labarai. Ya ƙara samun karɓuwa a Nijeriya daga 2004, lokacin da Frank Edoho ya fara gabatar da shirin nan na talabijin da ake amsa tambayoyi a ci miliyoyin naira. A wannan wasa, hadda ita ce jari. Wanda bai taɓa jin sunan babban birnin Mali ba, ko ya kwana yana tunani ba zai fito da Bamako ba. Wannan bambanci shi kaɗai ba aibi ba ne, kuma adalci ne a faɗi alherin sabon wasan. Yana sa ɗalibi ya buɗe taswira da kansa. Yana koya wa yarinya mai kunya ta ɗaga murya a gaban jama'a. A gari irin Maiduguri, inda Barebari da Hausawa da Shuwa da Babur da Margi da Fulani suke zama aji ɗaya, yana haɗa su a sahu guda suna neman nasara tare. Ga kuma shaida cewa masu jin Hausa suna da ƙishin irin wannan sani: Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya shafe shekaru masu yawa yana amsa tambayoyin masu sauraro a shirin Amsoshin Takardunku. Matsalar tana ga yadda ake rubuta tambayoyin, kuma a kanta sauran bayani zai tsaya.

3.0 Labarin Ƙasa: Tambayar da Ba Ta da Shekara

Aibi na farko shi ne ɗaukar duniya kamar dutse, alhali kuwa tafiya take yi. A ɗauki tambayar da ta fi kowace yawo: jihohi nawa ne a Nijeriya? Amsar ita ce 12 a 1967, da 19 a 1976, da 21 a 1987, da 30 a 1991, da 36 tun daga 1996. Maiduguri kanta ta kasance babban birnin Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, ta koma ta Jihar Borno a 1976, aka kuma yanke Yobe daga Borno a 1991, shekarar da gwamnatin tarayya ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Ƙasar da ta fi kowace faɗi a Afirka ita ce Sudan har zuwa 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle sai girman ya koma ga Aljeriya. Taken ƙasa ma an canza shi a watan Mayun 2024. Amma tsofaffin takardun tambayoyi suna nan ana kwafar su daga hannu zuwa hannu ba tare da an duba ba, sai ka ga an ba yaro maki a kan amsar da ta mutu tun kafin a haife shi.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan, kuma har yanzu yana cika yana ja gwargwadon damina. Idan aka tambayi ɗalibi faɗin tafkin ba a faɗi shekara ba, wace amsa ake nema? Masunta da manoman Baga sun san wannan sauyi a jikinsu, amma takardar gasa ba ta san da shi ba.

Aibi na biyu shi ne kallon gida da idon baƙo. Har yanzu akan ji ana tambaya: wa ya gano Kogin Kwara? A ce Mungo Park, a 1796. Wa ya gano Tafkin Chadi? A ce Denham da Clapperton da Oudney, a 1823. To, ai waɗannan mutum uku da suka iso, a Kukawa suka sauka wurin Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi, suka tarar da daula da fada da kasuwa, Buduma kuwa suna cikin tsibiran tafkin da jiragensu tun kaka da kakanni. Kalmar "gano" a nan fassara ce da aka ɗauko ɗanya daga littafin wani. Da an ce, "Su wane ne Turawan farko da suka iso Tafkin Chadi, kuma wa ya karɓe su?" da an faɗi gaskiya, an kuma ajiye mai gida a mazauninsa.

Aibi na uku shi ne tsallake abin da ke ƙofar gida. Ana iya samun ɗalibin da ya haddace babban birnin kowace ƙasa ta Turai, amma ya kasa jera biranen da suka riƙe sarautar Borno: Birnin Gazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, wanda ya faɗi a 1808, Kukawa da al-Kanemi ya gina a 1814, Dikwa inda Rabeh ya zauna bayan ya ci Kukawa a 1893, sai Yerwa da Shehu Abubakar Garbai ya tare a 1907. Ga wata tambaya mai daɗi a cikin wannan jeri: a wace jiha kufan Gazargamu yake a yau? Mai gaggawa zai ce Borno, alhali tun 1991 yana Yobe, wajen Gaidam. Haka kuma Borno ce kaɗai jihar da ta yi iyaka da ƙasashe uku, wato Nijar da Chadi da Kamaru. Kuma daren 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangare na gari, ya nuna cewa sanin inda Kogin Ngadda ya fito da yadda ya ratsa Maiduguri zuwa fadamar Jere sani ne da rai da dukiya suka rataya a kansa. An taɓa yin irin wannan ambaliya a 1994. Tambaya nawa aka yi wa ɗalibai a kanta cikin shekaru talatin da suka biyo baya?

4.0 Al'adu: Tarihihi a Rigar Tarihi

A fannin al'adu, tambayar da ba ta ƙarewa ita ce a kawo Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Ta farko da sauƙi: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, da Biram. Ta biyu kuwa ruwayoyi sun saɓa a kan jerinta, ko da yake an fi ambaton Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa, da ƙasar Yarbawa. Alƙalin gasa yakan riƙe jeri ɗaya ya kayar da duk wanda ya kawo wani. Bayan wannan, akwai nauyin kalmar kanta. A ajin da Banufe da Bagwari da Bajukune suke zaune, a ce wa yaro ya miƙe ya lissafa kakannin abokinsa cikin "banza" don ya ci maki biyu, ba tare da ko jimla ɗaya ta bayani ba, wannan rashin lura ne daga marubucin tambaya.

Hasali ma labarin Bayajida tarihihi ne, wato labarin da al'umma take bayyana asalinta da shi, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kansa. Gasa kuwa takan gabatar da shi kamar ranar samun 'yancin kai. Abin mamaki shi ne, ɓangaren da ya shafi Borno a cikin labarin shi aka fi mantawa. Ruwayar ta ce kafin Bayajida ya kai rijiyar Kusugu a Daura, a Borno ya fara sauka, ya auri 'yar Mai, ita ce ta haifi Biram a Garun Gabas. Ɗalibin Hausa da ke karatu a Maiduguri ya kamata ya tsaya a nan ya tambayi kansa: me ya sa Bahaushe, da ya tashi ba da labarin asalinsa, ya bi da shi ta Borno? Wannan tambaya ba ta amsuwa cikin daƙiƙa goma, shi ya sa ƙararrawa ta kore ta.

5.0 Abinci: Na Wane Ne?

Tambayoyin abinci su suka fi sa dariya a zauren gasa, su ne kuma aka fi rubutawa da ka. Siffarsu ɗaya ce: a ambaci abinci, a nemi ƙabilar da ke da shi. Tuwo na Bahaushe, fura da nono na Bafulatani, burabusko na Babarbare. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tukunya ba ta san iyaka ba. Burabusko da sinasir da danderu, waɗanda aka san mutanen Borno da su, sun daɗe da zama abincin biki a Kano da Zariya. Bandar kifin Baga ta kai kasuwannin kudancin ƙasar nan. Fura kuwa ta gero ce, nonon na makiyayi, ba ta haɗuwa sai manomi da makiyayi sun gamu a kasuwa.

Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin abin da muke kira abincin gargajiya baƙi ne da suka zama 'yan gari. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Gero da dawa da kuka su ne 'yan asali. Ke nan kunun gyaɗa da tuwon masara ba su kai Ganuwar Kano tsufa ba. Tambayar da za ta ce, "Cikin gero da dawa da masara, wanne ne baƙo a ƙasar nan?" ta fi "abincin wace ƙabila ne?" amfani nesa ba kusa ba, domin tana sa yaro ya sake kallon abin da ke cikin akushinsa, kamar dai yadda tsohon kacici-kacici yake sa shi ya sake kallon tsintsiya.

6.0 Addini: Inda Kuskure Ya Fi Tsada

A wata gasa da na taɓa halarta a wata makarantar sakandare a cikin garin nan, an tambayi wata yarinya yawan ayoyin Alƙur'ani mai girma. Ta ce 6,236. Alƙali ya duba takardarsa ya ce ta faɗi, aka miƙa wa abokan karawarta, suka ce 6,666, aka tafa musu. Yarinyar ta zauna ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ɗaga hannu ba har aka tashi.

Ita ce kuwa mai gaskiya. Adadin 6,236 shi ne ƙidayar malaman Kufa, wadda bugun ruwayar Hafsu yake bi. Bugun ruwayar Warshu, wadda ita ce alarammomin tsangayun Borno da ƙasar Hausa suka gada suke rubutawa da ka, yakan bi ƙidayar Madina ta ƙarshe, wato 6,214. Saɓanin a kan wuraren da ake tsayar da aya ne kawai, nassin ɗaya ne. Amma 6,666 lamba ce mai daɗin faɗa da ta yi yawo a bakin mutane, babu ita a cikin ƙidayoyin da malaman ƙira'a suka sani, don babu wadda ta kai ko 6,300. A garin da ake tinƙaho da shi wajen haddar Alƙur'ani da rubuta shi, an hukunta mai sani an saka wa mai kuskure, ɗalibai ɗaruruwa kuma suna kallo.

Irin wannan tarko yana nan a ɓangaren ɗalibai Kirista, waɗanda suke da yawa a makarantun Maiduguri. In aka ce littattafai nawa ne a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗan ɗarikar Katolika zai ce 73, ɗan sauran ɗariƙu irin su EYN zai ce 66, kowanne kuma abin da aka koya masa ya faɗa. Marubucin da bai san da wannan ba zai mai da zauren gasa wurin raba kai.

Akwai tambayoyin addini da ba su da wannan matsala: surori 114, izu 60, surar da ba a buɗe ta da Bisimilla ba, macen da aka ambaci sunanta ita kaɗai a cikin Alƙur'ani. Akwai kuma darasi a Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986: a can masana fannin ne suke zama alƙalai. Bai kamata gasar makaranta ta ɗora wa malamin lissafi hukunci a kan ƙira'a don kawai shi ne mai ƙararrawa ba.

7.0 Harshen Tambaya

Galibin tambayoyin da ake yi da Hausa an fara tunanin su ne da Ingilishi, kuma alamar tana nan a jikinsu. Jimla takan yi tsawo, abin da ake nema ya ɓuya a ƙarshenta, har mai gabatarwa ya karanta sau biyu bai gane ba. A kwatanta da "Baba na ɗaka, gemu na waje": kalma shida, kashi biyu masu daidaiton nauyi, ɗaka tana fuskantar waje, ga hoto ga raha. Wanda ya ji sau ɗaya ya riƙe. Wannan shi ne gadon da sabon wasa ya karɓi sunansa ya bar fasaharsa.

Ba abu ne mai wuya a haɗa biyun ba. Maimakon a ce a faɗi sunan tafkin da ke arewa maso gabashin Nijeriya, ana iya cewa: ƙwarya ɗaya, mutum huɗu na sha, kowa na cewa tasa ce. Mai amsa zai yi tunani, in ya gano kuma sai a nemi ya lissafa masu shan: Nijeriya, Nijar, Chadi, Kamaru, waɗanda suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964. Sanin bai ragu ba, an dai ƙara masa gishiri.

8.0 Kammalawa

An ga yadda gasar kacici-kacicin zamani ta zo da alheri, ta kuma zo da aibobi da suka taru a wuri ɗaya, wato imani da cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce, kuma tana nan a takardar alƙali ba ta motsi. Gyaran yana hannun masu rubuta tambayoyi. Duk tambayar da amsarta take canzawa a sa mata shekara. Inda ruwaya ta saɓa a faɗi wadda ake nufi, ko a karɓi duka. A fara da Ngadda da Gazargamu kafin a tsallaka teku. A rubuta tambayar da Hausa tun daga farko. Bayan kowace amsa kuma, a ba da minti ɗaya na bayani, yadda wanda ya ci da wanda ya faɗi za su tashi da wani abu.

Wannan aiki ya fi kusa da ɗaliban Hausa na jami'a, domin su ne za su watsu cikin makarantu da gidajen rediyo su riƙe takardar da ƙararrawar. Shawarata gare su ita ce su dawo da "ba ni gari." Duk sahun da ya kasa amsa tambaya, a ce ya ba da gari: Bama, ko Monguno, ko Biu, ko Damagaram. Wanda ya karɓa kuma kada a ba shi makin sai ya faɗi abu uku na gaskiya game da garin da aka ba shi.